Ranar da Na Raba wa Unguwa Wuta

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayata a Gusau ba, shekarar da na gama sakandare. Lokacin ina ta naci Baba ya bar ni in tafi koyon aikin lantarki, amsarsa kullum ɗaya: "Sai na gani." Na ce to, zai gani.

Ranar wuni aka ɗauke wuta tun safe, ga bazara, ga firji cike da lemo. Kawu ya aiko da janaretansa daga Bunguɗu. Malam Isa, mai gyaran wutar gidanmu, ya ce doka ta hana haɗa shi da akwatin fis sai an sa makunnin da ke raba gida da layin gwamnati. Makunnin yana Tsafe wurin abokinsa, sai la'asar zai dawo da shi.

La'asar! (Ni da ko tuwo ba na jira ya huce.) Yana fita na samo waya, na ɗaura filogi kowane ɓangare, ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango. Fankoki suka juya, mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggo Hauwa ta riƙa yawo da ni cikin baƙi: "Ku ga ɗiyata injiniya!" Na sha ƙamshi kamar ni na ƙera rana.

Ashe wutar ba ta tsaya gidanmu ba, ta bi waya ta fita unguwa. Rediyon maƙwabta ya kama, wata har ta jona dutsen guga. Janareta ya fara nishi kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku.

Can sai ga wani ma'aikacin hukumar lantarki a zaure, da igiyar hawan falwaya a ƙugunsa, yana faɗa wa Baba da ƙarfi: "Alhaji, layin nan da hannuna na kashe shi! Allah ya sa na gwada da ƙwan fitila kafin in kama. 'Ya'yana huɗu! Wa ya yi wannan aiki?"

Daidai nan Gwaggo ta leƙo. Ta koma ta jawo ni da lallena da komai: "Ga ta nan. Ita ɗai, wallahi ba wanda ya taya ta!"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Mutumin ya sa aka kashe janareta, ya zare fis ɗin gidanmu ya jefa aljihu, ya ce sai an zo an duba. Aka ƙarasa biki da mafici da lemo mai ɗumi. Na ce shi ke nan, karatu ya sha ruwa.

Malam Isa ne ya dawo ya ce, "Alhaji, tura ta karatun nan. Wanda bai san komai ba ba ya taɓa waya. Wagga ta san rabi, ita ce abin tsoro."

Baba ya tura ni, don unguwa ta zauna lafiya. Makon farko malaminmu ya ɗaga makunnin nan ya ce wa ya san amfaninsa. Na fi kowa sani, amma hannuna bai tashi ba. Tun daga ranar, in mai sana'a ya ce la'asar, alwala kawai nake yi in jira.