Hannuwan Maestro Dimaculangan

Duk wanda ya zo garinmu bai ga Maestro Florentino Dimaculangan ba, to ya yi asarar kuɗin mota. Mu da muka yi dace, kowace Asabar da safe muna ganinsa a filin ƙwallon kwando na unguwa, zaune ƙarƙashin laima, usur a wuya, baƙin tabarau a goshi, yana koya mana yadda ake gudu da kare a wasan tsallake-tsallake. Kafin ya waiwaye mu, cikin duhu muke. Karnukanmu ba su san komai ba sai ci da haushi da barci a ƙarƙashin babur mai ƙafa uku. Shi ya buɗe mana ido, kuma Allah ya saka masa, bai taɓa bari mun manta ba.

Ilimin nan ba a ƙasa ya tsince shi ba. Takanas ya tafi Manila, ya zauna a wani taron bita tun safe har yamma, ya dawo da hoto. Hoton yana nan rataye a falonsa. In ka matsa kusa za ka gan shi a layin baya, kunnen wani kare ya rufe masa rabin fuska. Tun ranar ya daina amsa sunan Tino, wanda duk garin ya san shi da shi. Ka ce masa Koci, ya sha mur. Maestro yake so. Mu kuwa a bayan idonsa Fanka muke ce masa, don ba ya iya furta kalma biyu hannuwansa ba su kewaya sama ba. In rana ta yi zafi, tsofaffinmu kusa da shi suke jawo kujera.

Wasan dai ba ɓoyayye ba ne. A jera shingaye da taya da bututun tamfol da sanduna da katako mai lilo, kowanne da lambarsa. A kwance wa kare igiya. Ba abinci a hannu, ba taɓawa. Kare bai iya karanta lamba ba, saboda haka kai ne za ka yi gudu a gefensa kana nuna masa abin da zai bi.

"Ni ba kare nake horarwa ba," in ji Maestro, hannu ɗaya a gabas ɗaya a yamma. "Kare Allah ya riga ya gama shi. Ku ne matsalar! Kare ba ya sauraron bakinka. Hannunka yake karantawa, kafaɗarka yake karantawa. Inda ka nuna, nan zai je. Ku rubuta wannan a zuciyarku, don a Manila sai da aka tafa min da na faɗe shi."

Maganar gaskiya ce, ban ƙi ba. Ko wa aka tafa wa a Manilan, wannan kuma oho.

Ni aski nake yi a bakin kasuwa, kuma da karena Kulot nake zuwa. Kulot bai ƙi wasan ba, sai dai ya ɗauki bututun nan ɗakin kwana. Akwai Lolo Ambo, tsohon direban jifni, motar hayar garinmu, wanda karensa ya fi shi tumbi. Sai Aling Pacita mai kifi, wadda ta fi kowa shan faɗa. Laifinta ɗaya: kamar kowa a garin nan, da leɓe take nuni. Ta turo baki wajen shinge, karenta Tisoy ya tsallake. Ta turo wajen taya, ya shige. Abin yana tafiya lafiya lau, amma Maestro ya hura usur har sai da tantabaru suka tashi daga rufin coci.

"Aling Pacita! Nan kasuwa ce? Kifi kike nuna wa mai saye? A ƙasashen da suka ci gaba, wa kika ga yana tuƙa kare da baki?"

"To ai ya gane, Maestro."

"Bai kamata ya gane ba!"

Ta maida leɓenta ciki, ta ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Da wannan hannun nasa a shagona yake, da na huta da korar ƙuda."

Babban darasinsa kuwa shi ne zagayen karen iska. A wasan nan, kafin a fara, ana fitar da karnuka duka, a bar masu su kaɗai su bi filin da ƙafa. Ka bi lamba bayan lamba, kana miƙa hannu, kana juyi, kana kiran karen da ba ya nan, har hanyar ta zauna maka a jiki. Haka ake yi ko'ina, kuma ba wanda yake kyan gani a ciki. Maestro ya sa mu a gaba da shi. Mu ɗaure karnukanmu a inuwa, mu yi ta kewaya fili muna "Zo! Shiga! Yauwa, yaron kirki!" ga iska. Masu babur su jeru a bakin wayar da ta kewaye filin, abin nema ya samu.

"Yaya mai aski, naka ya tsere, ga shi can ya bi layin coci!"

"Aling Pacita, karenki ya yi kashi a nan, zo ki kwashe!"

Wata Asabar Lolo Ambo ya tsaya yana haki, ya ce, "Maestro, kai ba ka taɓa nuna mana yadda kake yin naka zagayen ba."

Maestro ya sauke tabarau, ya dube shi da tausayi.

"Lolo, zagaye na masu koyo ne. Ni kallo ɗaya nake yi wa fili, ya shige nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Ka taɓa ganin likita yana shan maganin da ya rubuta wa mutane? Ni Florentino Dimaculangan, in tsaya gaban masu babur ina kiran karen da babu? Koma layi."

Shi ma yana da kare, kada ku ɗauka ba shi da shi. Almirante sunansa, baƙi da fari, ido kamar zai yi magana. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta hore shi, da za ta tafi aiki ƙasar waje ta bar wa Maestro. Kai, karen nan! Ko yatsa ka motsa ya gani. Sai dai ba mu taɓa ganin su biyun sun bi fili daga farko har ƙarshe ba. Maestro yakan tashi, ya nuna shinge ɗaya, Almirante ya tsallake, mu tafa, ya koma ƙarƙashin laima ya ce kada a gajiyar da gwani.

Ana nan sai labari ya zo cewa ranar bikin waliyyin garinmu, ƙungiyar masu wasan za ta turo alƙaliya. Za ta kalli gudunmu, ta zaɓi kare ɗaya da mai shi, su wakilci yankinmu a babbar gasar Manila. Mu dai mun ce Allah ya ba mai rabo. Maestro bai tsaya jiran rabo ba. Ya kai wa tela ɗinkin riga mai sunansa a baya. Ya gaya wa fadan coci, ya gaya wa Kapitana shugabar unguwa, ya gaya wa mai sayar da ƙanƙara. Da ya zo aski sai da na roƙe shi ya sa hannuwansa ƙarƙashin zane, kada in yanke masa kunne.

"Ka gyara ƙeyar da kyau," ya ce. "A Manila ta baya ma ɗaukar hoto ake yi. Almirante zai je Manila, ka gaya wa duk wanda ya zauna a kujerar nan."

Na gaya musu kuwa. Kafin ranar biki babu wanda bai ji ba.

Ranar ta zo, fili ya cika maƙil. An rataya tutoci, masu badujala suna gefe, an kafa dandamali da dogon tebur cike da taliyar pansit da gasassun kaji, Kapitana na zaune a tsakiya. Alƙaliyar, Misis Luzviminda Abad, 'yar gajeruwa ce mai takalmin roba, ba ta da yawan magana. Da hannunta ta jera kayan, kuma ba yadda muka saba ba. Ta murɗe hanyar, ta kai bututu inda muke sa taya, ta sa shingaye suna kallon juna. Sannan ta ce masu karnuka su shigo zagaye.

Muka shiga, muna miƙa hannu muna kiran iska, gari guda yana dariya. Maestro yana kan dandamali cikin sabuwar riga, ana ɗaukarsa hoto da Kapitana. Misis Abad ta ɗaga kai.

"Malam mai riga, ba za ka zagaya ba?"

"Misis," ya ce, da murya yadda har masu badujala za su ji, "waɗannan da kike gani ɗalibaina ne. Ni na koya musu zagayen. Na riga na gani daga nan."

Ta ce, "To."

Aka fara. Kulot ya tsallake shinge biyu, ya shiga bututu, bai fito ba sai da na rarrafa na jawo shi. Karen Lolo Ambo ya hau katakon lilo, katakon ya sauka, shi kuma ya ga wuri ya yi daɗi ya zauna. Aling Pacita ta gama nata a hankali, hannu na nuni, leɓe na taimakawa a ɓoye. Sai mai lasifika ya kira Maestro, fili ya ɗauki sowa.

Farkon abin gwanin kyau. Shingayen farko a jere suke, makaho ma zai bi. Almirante ya wuce su kamar ba ya taɓa ƙasa. Jama'a suka tafa. To, Maestro mutum ne mai ladabi, ba ya barin tafi ya faɗi ƙasa. Ya ɗaga hannun dama ya amsa. Almirante ya ga hannu ya yi dama, ya bar hanya, ya shige taya ta baya.

Maestro ya tsaya cak. Lambar gaba yake nema, kuma ba ta inda ya bar ta a goshinsa. Ya juya hagu, kare ya yi hagu. Ya juya dama, kare ya yi dama. Ya kewaya gaba ɗaya yana leƙen lambobi, kare ya kewaya shi, ido a kan kafaɗarsa, yana jiran umarni. Daga cikin jama'a wata tsohuwa, uwar baftismarsa, wadda ta tsaya masa a coci tun yana jariri, ta ƙwala kira, "Tino! Tino, ga ni nan!" Wa zai ƙi amsa uwar baftisma ranar biki? Ya ɗaga mata hannu. Almirante ya tsallake igiyar fili, ya dira gaban tsohuwar, ya dawo. Mai hoto ya shigo kusa, Maestro ya yi masa nuni ya koma ɓangaren da fuskarsa ta fi kyau. Almirante ya bi ta tsakanin ƙafafun mai hoto, ya ɓulla cikin masu badujala, mai babban ƙaho ya zauna a kan ganga.

Tabɗi! Ni dai cikina har ciwo yake don dariya. Lolo Ambo ya riƙe sandar tuta yana share hawaye. Masu babur suna ihu, "Maestro, nuna masa gidan surukarka!"

Da ya ga abin ya kwaɓe, sai ya juya ga dandamali, ya miƙa hannu biyu ga Kapitana, wai yana ba ta haƙuri. Almirante bai yi wata-wata ba. Ya haye dandamali, ya tsallake teburin nan ta kan pansit da kaji, ko cokali bai taɓa ba, ya zauna gaban Kapitana yana kaɗa wutsiya. Maestro ya ɗora hannu a ka. Karen ya duba sama, bai ga abin hawa ba, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya.

Misis Abad ta hura usur.

Kada ku ɗauka Maestro ya rasa ta cewa. Ya karɓe lasifika daga hannun mai shela, yana haki, rigar ta manne masa a baya.

"Jama'a, abin da kuka gani darasi ne! An jera filin nan ba bisa tsarin ƙasashen waje ba. Ga rana a idon kare. Ga ƙamshin kaji. Dabba dabba ce, duk yadda gwani ya kai, wata rana sai ta ba shi kunya. Amma ni na yafe masa."

Alƙaliyar ta jira har hannuwansa suka sauka. Ita ba ta nemi lasifika ba, amma fili ya yi tsit, kowa ya ji.

"Na daɗe ina wannan aiki, ban ga kare mai biyayya irin wannan ba. Ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Duk inda aka aike shi ya je. Shi na zaɓa."

Maestro ya washe baki har kunne. Ya juyo gare mu, ƙirji a gaba. "Me na gaya muku? Me na gaya muku?"

"Karen na ce," in ji Misis Abad. "Muna da wata a ƙungiya wadda karenta ya tsufa, ita za ta yi gudu da shi, in ka yarda."

Maestro ya waiwaya. Ya dubi fada, ya dubi Kapitana, ya dubi mai ƙanƙara, duk mutanen da ya rantse wa cewa Almirante zai je Manila. Ta ina zai ce a'a? Gaskiya a lokacin sai da ya ɗan ba ni tausayi.

"To... ni fa?" ya ce, da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba.

"Kai ma ka zo, akwai kujerun 'yan kallo a can sama. Sai dai karen yana da ido, zai hango ka. Ka taho da wanda zai riƙe maka hannuwa."

Aling Pacita ta ce ita za ta riƙe na dama. Lolo Ambo ya ce a bar masa na hagu.