Ƙarafan Kafili da Man Shanuna

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai kwashe ranar sunan jikata a Riyad, ranar da na tsaya gaban maza ina neman inda zan sa fuskata.

Wankan jego ne ya kai ni. Rabi matar ɗana ta haihu, mahaifiyarta ba ta da ƙafar tafiya, aka ce ni in je. Shi ɗan nawa (na fari ne, ba na kama sunansa, ku yi haƙuri) yana zaune a unguwar Ulaisha, a saman wani tsohon bene. Aikinsa a wani filin wasan harbi ne can bayan gari, inda masu hali ke zuwa su harbi allo don nishaɗi. Shi ba ya harbi. Akwai ƙarafan da ake daidaita kwanson harsashi da su, to su yake kula da su, ya goge, ya shafa musu mai, ya adana. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin iyakar sanina, yana aiki wurin wani Balarabe, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da abincin gidansa duk a hannun mutumin suke.

Ana gab da suna ina share kicin, sai na ci karo da wani ɗan akwati a saman kabad. Na buɗe. Wasu gajerun ƙarafa ne masu kaurin babban yatsa, da rami a tsakiya, an naɗe su a tsumma, sun yi dumu-dumu da maiƙo. Na ce a raina kayan injin markaɗen Rabi ne, yaran zamani da ƙazanta. Ban tambaye ta ba. Ni da aka sani a unguwarmu da wankin tukunya, wa zan tambaya?

Na jiƙa su a ruwan zafi da garin sabulu da lemon tsami. Na dirje su da soson ƙarfe, wani ma har cikin raminsa na cusa soson da tsinke ina murzawa. Suka yi fes. Na naɗe su da danshinsu a sabon tsumma, na mayar, ina jin daɗin kaina.

Da na sake leƙawa, 'ya'yana, sun yi ja jawur da tsatsa. Ban gaya wa kowa ba. Na tuna yadda muke yi wa wuƙa in ta yi tsatsa, sai na ɗauko man shanun da na taho wa Rabi da shi daga gida, soyayye da albasa, na lafta musu ba rowa.

Ranar suna falo ya cika da maza, 'yan Kano da 'yan Maraɗi, ana cin shinkafa da rago. Sai ga kafilin da kansa, wato Balaraben da ɗana ke wa aiki, wani dogon dattijo mai jan rawani. Ya ce a kira masa uwar maigida ya gaishe ta, na fito da mayafina. Bayan barka da addu'a sai ya tambayi akwatin da ya ba da a gyara masa a gida. Ina tsaye aka ɗauko shi daga saman kabad ɗin nan.

Ana buɗewa ƙamshin man shanu ya game falon, ga tururuwa sun jeru a kan ƙarafan. Malam Idi direba, wani Bamaraɗe mai baki, ya leƙa ya ce, "To ai saura wake da shinkafa, a kawo yaji." Aka kwashe da dariya, ban da ɗana. Ya buɗe baki zai ɗauki laifin a kansa.

Na ce, "Ni ce. Gaya masa da yarensu, ni na wanke, ni na shafa."

"Inna, ki bari mana."

"Gaya masa na ce."

Ya fassara kansa a ƙasa. Dattijon ya ɗaga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana leƙa raminsu a hasken taga. Ya ce cikin ramin so ake ya zama sumul kamar madubi. Sauran za su gyaru, amma wanda na cusa wa soso ya tashi aiki, duk kwanson da ya shiga ciki da zane zai fito. Na fara lissafin jirgin komawa, mu duka har jaririya.

Sai na ga ya kai yatsansa hanci. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya ce, "Ya Hajja, samin baladi?" Ɗana ya ce wai yana tambaya ko man shanun ƙauye ne na gaske. Na ce da hannuna na soya. Ya ce rabonsa da irinsa tun yana yaro, a ba shi abin da ya rage, ƙarfen kuma ya yafe. Ya fita rungume da kwalbar man kamar shi aka yi wa haihuwa.

Washegari ɗana ya zauna da tsumma mai laushi da wani siririn mai, yana bin ƙarafan a hankali. Na ce in taya shi, ya ce, "Inna, don Allah ki taya ni da kallo." Rabi kuwa haka ta ƙarasa jegonta babu man shanu, har yau tana yi mini tsiya a waya.

Tun daga nan na gane ashe akwai dattin da ake biyan mutum albashi ya shafa. Yanzu ko cokali na gani da maiƙo a gidan mutane, sai na tambayi mai shi kafin in kira shi ƙazami.