Dattijon da Ya Kawo Gyaran Aljihu

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Bodinga ba. Ni tela ne, kuma ciwona guda: keke na tafiya, bakina na tafiya.

Lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Mandera ta wajen Shagari. Na san danginta za su turo a yi bincike a kaina kamar yadda aka saba, don haka na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su faɗi alheri (har mai shayi na yi wa gyaran wando kyauta).

Ranar kasuwar nan da hantsi sai ga wani dattijo ya kawo riga, aljihunta ya yage. Ya zauna a benci ya ce, "Ɗana, kana da iyali?"

Tambaya ɗaya fa ya yi, ni kuwa na saki baki. Na ce ina neman wata a Mandera. Na ce gonar albasar da na nuna mata a waya ta yayana ce, ni ban taɓa wuni a fadama ba. Na ce da asuba sai Inna ta yayyafa mini ruwa nake tashi, kuma ina tsoron rago. (Rago! Wa ya tambaye ni?) Na rufe da cewa akwai wani kawunta mai tsananin tsiya, shi nake fargaba.

"Awo," kawai yake cewa, yana gyaɗa kai.

Bayan sati biyu manyana suka kai ni gaisuwa Mandera. Muna shiga zaure na gane ɗinkina kafin in gane fuskar mai rigar. Wallahi a raina na ce shi ke nan, na rasa Hadiza.

Dattijon ya dubi jama'a ya ce, "Ni ne kawun nan mai tsananin tsiya. Munka tafi bincike, yaron ga ya hutasshe mu, ba mu tambayi kowa ba. Wanda bai iya ɓoye tsoron rago ba, ba ya ɓoye ma ɗiyarmu komi. Mun ba shi. Amma zancen gona, kai ka gaya mata da bakinka."

Na gaya mata ina gumi. Ta yi dariya ta ce tun ranar da ta ga laushin hannuna ta sani.

Yanzu duk wanda ya zauna a bencina, sai na tambayi garinsu kafin in buɗe baki. Kawu kuwa bai manta ba. Ranar sunan ɗanmu na fari ya iso da ƙaton rago, ya miƙo mini igiyar a gaban kowa.