Dutsen Gugar Tukwane

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Kaka daga kan tabarma.

Jikan nata, maƙerin azurfa, ya durƙusa gaisuwa, amma idonsa na kan dutsen da ke hannunta, rawaya, sumul, bai wuce ƙwan zabuwa ba. Da shi take goge tukwanen da take ginawa tun yana rarrafe. Shi kuwa zobe yake son ƙera wa amaryarsa, ya karaɗe kasuwa bai ga dutsen da ya kwanta masa a rai ba sai wannan. Bakin roƙon ne ya yi masa nauyi.

"Tsohuwa, ara min tsakuwar nan in gani."

"Tsakuwa? Ya girmi ubanka, ya kuma fi ka kyau."

Ya ɗaga shi saitin rana, haske bai ratsa ba. Ya zaro 'yar wuƙa ya karta, ko gezau.

"Kai, ɗan nema! Yanka min shi za ka yi?"

"Gwaji nake. Dutse ne mai daraja da ake kira yasfa, wuƙa ba ta cinsa. Taurinsu ɗaya da dutsen ƙanƙara."

"To wa ya rina shi haka?"

"Ƙasa. Ruwa ne mai ɗauke da narkakken yashi ya cika tsagar dutse ya daskare, tsatsar ƙarfe ta ba shi launi. Tun kafin a haife ki, in an taɓa yin wannan zamanin."

"Tsatsa? Ashe danginka ne. A ina yashi ya taɓa narkewa, maƙaryaci?" Duk da haka ta karɓe shi tana jujjuyawa kamar yau ta fara ganinsa. "Santsin fa?"

"Wannan kam aikin hannunki ne da bayan tukunya."

"Ku me kuke yi da irinsa?"

"Sarƙa, 'yan kunne... zobe."

"Zobe! Wato gaisuwar ta zobe ce. Na ce yaushe ka yi hankali."

Ya sosa ƙeya. "Ɓari kaɗan fa, Kaka. Akwai zarton da ke yanka shi."

Ta yi dariya har da tari, ta damƙa masa dutsen, yatsunta na rawar tsufa. Sai a lokacin ya lura babu ɗanyar tukunya ko ɗaya a tsakar gidan.

"Ɗauka, mummuna, ni na gama gini. Amma ka dawo min da guntun, hannuna bai saba zama wayam ba."