Kujerar Matar Lauyan Mata

Allah Ya yi mana baiwa a unguwarmu da mutumin da muke kira Lauyan Mata. Tsabar ƙaunarsa gare mu, ko magana ba ya bari mu wahala da ita, shi yake yi mana.

Da za a kafa mana famfo, shi ya kira taro. Maza na so a kafa a gindin bishiyar da suke hira, saboda alwala. Mu masu ɗaukar jarka muna so a kusa da gidaje, don wuyanmu ya gaji.

Ya jera kujeru, rabi na maza rabi na mata, har yana gwada tsakaninsu da igiya.

"Tun zamanin kakanninmu," in ji shi, "mace da namiji kafaɗa da kafaɗa suke. Ni na binciko wannan."

Sai dai ya ce bai dace a taso mu daga aiki ba. Aka karɓo mayafanmu, aka yafa wa kujerun, kowane miji ya wakilci matarsa. Ni da mijina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka ce kujerata ta ƙaurace wa zaɓe. Ta taga na kalla.

Lauya ya miƙe ya yi bayanin amfanin kafa famfo a gindin bishiya, aka tafa. Sannan ya koma kujerar matarsa, ya ɗora mayafinta a kafaɗa, ya siranta murya, wai a ga mace ma tana da baki. To shi bawan Allah bai taɓa yarda a kayar da shi a gardama ba, ko a wace kujera yake. Ya kawo nisan hanya, ya kawo ciwon baya, ya ce mai maganar farko ko kofi bai taɓa ɗebowa ba. Ya koma kujerarsa ya ce a yi masa ladabi. Ya dawo tata ya ce an ƙi. Mazan suka tsorata da wannan mata, suka ɗaga hannu suna goyon bayanta.

Yanzu famfo na ƙofar gidajenmu, alhamdulillahi.

Ranar taron da ya koma gida, matarsa na sauke jarka ta yi masa sannu da zuwa, ya kawar da kai.

"Maigida, lafiya?"

"Bayan abin da kika yi mini a gaban mutane?"

Ta ba shi haƙuri. Ya ce zai duba.