Ƙarata a Kan Alhaji Mamuda, Game da Nomau da Danjar Kasuwa

Ranar Litinin, shida ga watan Janairu, aka kunna danja ta farko a mararrabar kasuwar garinmu, kuma tun ranar Alhaji Mamuda ya fara taɓa sunana. Taubashina ne, na san wasa ya halatta tsakaninmu. Amma wasan da ya zubar da darajar malami, ya kuma mai da shi mai tafiyar ƙasa da ciwon gwiwa, ya wuce wasa.

Sunana Malam Isuhu Jibo, tsohon hedimasta. Mu uku ne a gidan: ni, da maiɗakina Hajiya Kulu, da ƙanenta Nomau. Magidanci ne mai furfura a gemu, ya zo daga ƙauye bayan kaka don ya riƙa tuƙa ni, saboda gwiwata ta daina iya tayar da babur. Ba ya ƙarya, ba ya musu, abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Na gaya wa Hajiya cewa irin ɗalibin da na yi ta nema ke nan tun ina aiki. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe.

A ranar da aka kunna danjar na zaunar da shi na yi masa darasi. Na ce idan ta nuna ja ya tsaya, kada ya motsa sai ta koma kore, ko da wanda ya goya ne ya ce ya tafi. Na sa ya maimaita, ya maimaita daidai. Alhaji Mamuda yana gefe yana shan shayi, ya ce Allah ya sa albarka a sabuwar makaranta.

Wata rana za mu ɗaurin aure, muka tarar danjar ta lalace, ta maƙale a ja. Kowa yana wucewa abinsa. Na ce wa Nomau mu tafi.

"Yaya Malam, ja ce."

Na ce ai ta lalace, kuma ni ne na ba da dokar, ni ne nake ɗage ta.

"Kun ce ko wanda na goya ne ya ce."

Na yi bayani, na yi lallashi, na ɗaga murya har mai rake ya matso kallo. Daga ƙarshe na sauka na taka da ƙafa, na isa an riga an shafa fatiha. Shi kuwa yana nan a rana har bayan la'asar, wata mai kunu ta tausaya masa ta ba shi ya sha a kan babur. Da aka gyara danjar ta nuna kore, ya wuce gidan ɗaurin auren shi kaɗai, domin can aka ce za a je.

Wata rana na gan shi ya goyo wani maƙwabci kai ba komai. Na ce daga yau duk mai rai da zai hau babur ɗin nan sai da hular kwano. Ranar kasuwa muka sayo wa Hajiya bunsuru. Na tsaya gaisawa da wani tsohon ɗalibina, ina juyowa na ga bunsurun ɗaure a kan tanki, da hulata a kansa, an ja masa maɗauri har ƙarƙashin gemu. Huluna biyu ne gare mu. Nomau ya ce in jira ya kai shi gida ya dawo, tunda ba zai ɗauke ni kai tsirara ba. Na wanke hular da omo, na turara ta, amma har yau idan na cire ta a masallaci sai na kusa da ni ya gyara zama.

Wata rana na lura idan mun tsaya a danja yana damƙe kuloci da giya a ciki. Tun ina saurayi al'adata ce in sa a firi, in saki hannu, in huta. Na ce duk tsayawa sai ya sa a firi kafin ya yi komai. Wanda ya san babur ya san firi tana tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, kuma ƙafar da ta saba da gona ba ta samunta da sauƙi. Ya taka ta faɗa ɗaya, ya ɗaga ta haura biyu. Danja ta nuna kore yana nema, ta koma ja yana nema. Da ya samu sai ya juyo yana murmushi don in yaba, alhali layin bayanmu ya kai gidan mai. Motar farko a layin ta Alhaji Mamuda ce. Ya leƙo ta taga.

"Hedimasta, a maimaita aji ne?"

Daga nan 'yan acaɓa suka sa wa Nomau suna Ɗalibin Malam.

Wata rana, bayan an sake irin wannan da safe, raina ya ɓaci. Na ce ya bar shi a giya ta ɗaya, kada ya ƙara taɓa giyar nan. Idan mun tsaya ya riƙe kuloci, ya zuba wa madubi ido, duk wanda ya taho a bayanmu ya ba shi hanya, ba na son in ƙara jin hon ɗin kowa. Haka muka ratsa gari, injin yana ihu kamar na niƙa, mu kuwa masu keke suna wuce mu. Ya ba mai amalanke hanya. Ya ba jaki hanya.

Muka iso danja tana ja, mu ne a gaba. Ban ankara ba sai na ji babur ya zabura gefe, ya haura dakali. Na tashi sama na sauka zaune cikin kwandon tumatir, da farar babbar rigata. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai tifar yashi ta taho daga baya, ta bi ta daidai inda muka tsaya, birkinta ya tsinke, ta je ta rungumi ƙarfen danjar. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da a firi muke, da yanzu Hajiya tana takaba. Nomau ya zo ya tsaya a kaina.

"Yaya Malam, ban ƙetare danja ba. Gefe na yi, na ba shi hanya."

To, ga inda ƙarata take. Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an idar da salla, Alhaji Mamuda ya dafa kafaɗar Nomau a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ce:

"Allah ya yi maka albarka. Ka ga ranar da ka ƙi jin maganar Hedimasta, ranar ka ceci ransa. Ka riƙe wannan."

Aka yi dariya. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Giya ta ɗaya ni na ce, kuloci ni na ce, madubi ni na ce. Ko da fushi na faɗa, daga bakina ya fito.

Kuma Nomau ya riƙe. Tun ranar, in na ce ya tsaya sai ya ƙara wuta, in na ce dama sai ya yi hagu, yana yi idonsa cike da tausayina. Na tambaye shi dalili, ya ce Alhaji ne ya faɗa a ƙofar masallaci, shi kuma ba ya son Yaya Kulu ta rasa miji. Na gwada ba shi umarni a juye, muka kusa shiga kwalbati saboda ni kaina na rikice. Yanzu da sanda nake zuwa asibiti, babur yana jingine a zaure.

Alhaji Mamuda ya aiko mini da goro. Na mayar masa. Abin da nake nema shi ne ya tsaya a ƙofar masallacin nan bayan sallar Juma'a, a gaban mutanen da suka yi dariya, ya ba ni haƙuri, ya shaida cewa Nomau umarnina ya bi, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce ya koma jin maganata. Kuma ya kawo mini kalmomin in duba kafin ya furta su, domin Nomau zai kasance a wurin.