Mai Kankana a Taron Farashin Magani

Wani mai kankana ne, ana ce masa Maikano, shekararsa talatin yana sana'ar a bakin tasha. Mutumin nan ko 'yar ƙarama za ka saya, sai ya sa wuƙa ya yanko ɗan tsagi ka ga janta da idonka. In ta fito fara, asararsa ce, ya ɗauko maka wata. To sai matarsa Lantana ta kamu da ciwon daji, likita ya rubuta mata wata sabuwar allura wadda kwalba ɗaya ta fi kuɗin kankana mota guda. Kwalba biyu aka yi, babur ɗinsa ya tafi, ga shi kuma saura shida. Hankalin Maikano ya tashi ƙwarai.

Ana nan sai aka kafa kwamitin da zai duba ko amfanin irin waɗannan magunguna ya kai kuɗinsu, aka ce iyalan marasa lafiya ma su zo. Maikano ya zura rigar Juma'a, ya kama kujerar gaba. Wakilin kamfanin ya miƙe cikin kwat, ya dinga zuba kamar kanya, daga shekarun da suka yi suna bincike sai kuɗin da suka narkar. Da shugabar kwamitin ta tambaye shi mutum nawa allurar ta yi wa amfani, sai gogan naka ya gyara wuyan riga, ya ce ai sakamako yana nan tafe.

Maikano ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni kankana nake sayarwa, kuma ba na karɓar sisi sai an ga ja. Ku in an yi wa matata allurar nan ba ta yi aiki ba, kuna mayar da kuɗi?"

Wakilin ya yi murmushin 'yan boko. "Haba Baba, ai magani ba kankana ba ne."

"Na yarda. To za ta warke?"

"Wannan kuma ba a hannunmu yake ba, Baba. Waraka ai ta Allah ce."

Maikano ya gyaɗa kai, ya sa hannu a aljihu.

"Madalla, ɗana. Tunda warakar ta Allah ce, cire kuɗinta. Nawa ne kwalbar?"